Yadda Za Ka Yi Amfani da Kalmar "Copycat" Ba Tare da Ka Zagi Kanka Ba

Ranar da muka yi walimar ban kwana da tsohon shugaban makarantarmu, an shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, an jera wa manyan baƙi kujeru. Ga dagaci, ga liman, ga 'yan ƙungiyar iyaye da malamai. Shugaban ɗalibai ya miƙe da takardarsa a hannu, ya gyara wuyan riga, ya fara jawabi da Turanci. Yaron ya yi ƙoƙari ƙwarai da gaske. Da ya zo ƙarshe sai ya dubi shugaban makarantar ya ce: "Sir, I promise to be your copycat forever." Wuri ya kaure da tafi. Dagaci ya gyaɗa kai. Shi kuwa shugaban sai ya sunkuyar da kai yana danne dariya, wata 'yar bautar ƙasa da aka turo mana daga kudu ta toshe baki da hannu ta zagaya bayan aji. Ni da nake malamin Turancin yaron, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Laifin nawa ne. Ranar Asabar ya biyo ni gida da takardar in duba masa, na ce ya bari sai gobe. Goben kuwa Lahadi ce, na tafi kasuwar Gujungu da ɗan riɗin da na noma, ban dawo ba sai bayan magariba, a gajiye liƙis. Litinin aka yi taro. Abin da yaron yake so ya faɗa shi ne zai yi koyi da shugaban muddin ransa. Ya ari wayar yayansa, ya nemi sunan da ake kiran mai yin abin da wani ya yi, ya ci karo da wannan kalma, ta yi masa daɗi a baki. Amma abin da ya shiga kunnen wanda ya san Turanci shi ne: na yi maka alkawarin zama ɗan kwaikwayonka wanda ba shi da tunanin kansa, har abada.

Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da Turanci a wannan sakandaren jeka-ka-dawo ta ƙauyenmu a ƙasar Ringim, kuma tun daga waccan rana na ware darasi sukutum kowace shekara saboda wannan kalma da danginta. Shi ne na ce bari in zuba shi a rubuce, ko ya yi wa wani rana kafin a miƙa masa lasifika a gaban jama'a.

Ka fara da Hausarka

Kafin ka buɗe ƙamus, tsaya ka saurari bakinka. Bahaushe ya riga ya raba abin gida biyu: akwai koyi, akwai kwaikwayo. Idan aka ce wa mutum ɗansa yana koyi da malaminsa, zai yi hamdala. Idan aka ce masa ɗansa yana kwaikwayon malaminsa, zai tambaya a gaban malamin ne ko a bayan idonsa, don ya san wataƙila tafiyar malamin yaron yake yi 'yan aji suna shewa. Ranar Juma'a liman koyi da magabata yake cewa a yi. Wasan da ake sa mana a rediyo kuwa na kwaikwayo ne. Aikin dai ɗaya ne, wani ya yi ka gani ka yi, amma kalmar da mai magana ya ɗauko ita take tona abin da ke zuciyarsa, girmamawa ce ko raini.

Turanci ma haka yake, sai dai shi ya yanka abin gunduwa-gunduwa har kusan goma. "Copycat" tana can ƙarshen layi, wajen raini da tsokana. Ana faɗa wa mutumin da ba shi da ta kansa, wanda duk abin da ya ga wani ya yi sai ya yi, ɗinki ne, magana ce, sana'a ce. Kuma a asali maganar yara ce. A gidana ina da 'yan mata biyu, 'yar shekara tara da 'yar shida. In babbar ta ɗaura ɗankwali a karkace, ƙaramar za ta karkata nata. In babbar ta ce ba ta shan koko, ƙaramar za ta ture kofinta. Sai ka ji babbar ta kawo ƙara: "Baba, ka ga tana ta kwaikwayona ko?" To, a daidai wannan wurin ne 'yar Bature take juyawa ta ce wa ƙanwarta: "Stop copying me, you copycat!" Nan ne gidan kalmar. Duk inda ka kai ta, da ƙamshin wannan faɗan na tsakar gida take tafiya.

Kalma biyu aka haɗa. "Copy" mun riga mun are ta, ita ce kwafi, kuma tushenta kalmar Latin ce, "copia", wadda take nufin yalwa. Dalili kuwa, kafin a sami injin ɗab'i, ba a yalwata littafi sai wani ya zauna ya kwafe shi da hannu, kamar yadda malamanmu na zaure suka yi ta yi da alƙalami da tawada. "Cat" kuwa mage ce. Kullum sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu: "Malam, ai mage ba ta kwaikwayo, biri ne yake yi." Gaskiyarsa. Amma magen nan ba mai kama ɓera ba ce, mutum ake nufi. Turawa suna da irinta: matsoraci su ce masa "scaredy-cat", attajirin da ya yi ƙiba da dukiyar jama'a su ce masa "fat cat". Mu ma in mun ce wa mutum kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi, ba wanda yake duba ko yana da jela. A Amurka aka fara ganin kalmar a rubuce, wajen ƙarshen ƙarni na 19, wato yarinya ce a cikin kalmomin Turanci.

Akwai wani labari da nake ba yara don su farka in rana ta take. A watan Disamba na 2001 masana a wata jami'a da ke jihar Teksas ta Amurka suka samar da 'yar mage daga ƙwayar halittar wata magen, ba tare da barbara ba, shekara biyar bayan an yi irin haka da tunkiyar nan Dolly a Sikotland a 1996. Suka sa mata suna CC, mutane suka yi ta kiranta "Copy Cat". Abin dariyar shi ne da ta fito, launin gashinta bai zo ɗaya da na wadda aka kwafo ba. Wato ko magen da aka yi musamman don kwafi ba ta kwafu daidai ba.

Yadda ake sa ta a jimla

A nahawu "copycat" suna ce, kuma irin wadda ake ƙirgawa, don haka ba ta tsayawa tsirara. Mu Hausawa ba mu da "a" da "an" a harshenmu, shi ya sa muke yawan zubar da su a hanya. A takardun yara na fi ganin "He is copycat". Kuskure ne. "He is a copycat" ake cewa, in mace ce "She is a copycat", kalmar ba ta canzawa. In suna da yawa ka cire "a" ka liƙa "s": "They are copycats". A haɗe ake rubuta ta, kalma ɗaya. In kana son ka nuna cewa abin ya ishe ka, ka ce "Don't be such a copycat", wato kai dai ka cika kwaikwayo.

Kada ka wahalar da kanka wajen mayar da ita aikatau. Za ka iya jin wani a fim ya yi hakan, amma kai "copy" ta wadatar da kai. "He copies everything I do", duk abin da na yi sai ya yi. Lura da nan kuma: in mutumin kake kwaikwayo, kai tsaye ake tafiya, "She copied me". In kuwa daga takardarsa ka kwashi amsa, sai a sa "from": "She copied from me". Na farkon ta yi irin ɗinkina, na biyun ta leƙa takardata a jarrabawa. Ƙaramar kalma ɗaya ce ta raba tsokana da ƙarar da za ta kai mutum ofishin shugaban makaranta.

Sai furuci, kuma a nan ne muke shan kashi. Mu a nan wani ya ce fanka wani ya ce panka, wani famfo wani pampo, ba wanda ya yi kuskure, don a Hausa harafin ɗaya ne. Turanci bai yarda da haka ba: "pan" kasko ne, "fan" fanka ce, "pull" ja ne, "full" cikakke ne. In ba ka kula ba, "copy" za ta koma "coffee", ka ce wa mutum magen gahawa. Ga yadda nake koya wa yara. Ka yagi ƙyallen takarda ka riƙe a gaban bakinka. Ka haɗe leɓɓanka biyu gam, ka tara iska, ka sake ta gaba ɗaya kana cewa "pen". In takardar ta yi tsalle, ka samu. Shi kuwa "f", haƙoran sama ake ɗorawa a kan leɓen ƙasa, iska ta riƙa zirarowa. Ka yi ta yi da "pen" da "pot" har bakinka ya saba, sannan ka koma kan "copy". Nauyin murya a gaɓar farko yake: KO-pi-kat. Kada ka ja ta ƙarshe.

Wa za ka faɗa wa? Sa'anka, ƙanenka, taubashinka, abokin da kuke zama a teburin mai shayi. A tsakaninku raha ce. Ba a faɗa wa babba, ba a faɗa wa maigida a wurin aiki, ba a faɗa wa surukai ko da wasa. Kuma ba ka kiran kanka da ita sai in kana yi wa kanka ba'a da gangan. Wannan na ƙarshen shi ne ramin da ɗalibina ya faɗa.

Inda take sa manyan kaya

Akwai wuri ɗaya da kalmar take fita daga bakin yara ta shiga jarida: idan aka sa ta a gaban wani suna, ta zama kamar sifa. A nan ba wasa a cikinta. "Copycat crime" laifi ne da wani ya aikata bisa salon wani laifin da ya ji labarinsa, a rediyo ko a intanet. In ka ji mai karanta labarai ya ce 'yan sanda suna fargabar "copycat attacks", yana nufin suna tsoron kada wasu su ga abin da aka yi su ma su yi irinsa.

Ana yi da kasuwanci ma. A bakin tasharmu wani saurayi ya sayo faifan sola ya kafa tebur yana cajin waya. Wata uku ba su cika ba tebura suka zama biyar, a jere, dukkansu da irin jan fentinsa. Da ya ga haka ya ƙara da na'urar POS, su ma suka bi. Waɗannan su ne "copycat businesses". Shekarar da zoɓo ya yi kuɗi kowa ya watsar da gero ya shuka zoɓo, wannan kuma Bature zai fi cewa "They jumped on the bandwagon", wato bi yarima a sha kiɗa. Amma ni ba na ganin laifin manomi a nan yadda wasu 'yan boko suke gani. Gonar maƙwabci ita ce makarantar manomi. Wanda ya ga maƙwabcinsa ya haƙa rijiyar burtsatse a fadama yana noman rani, ya je ya tambaye shi, ya yi nasa, wannan bai cancanci a kira shi "copycat" ba. Sai ka ce "He learned from his neighbour" ko "He followed his example".

A kaya kuma ka rarrabe abu uku, don 'yan kasuwa sun fi mu sanin bambancin. Ka shiga Kantin Kwari a Kano, za a nuna maka atamfa 'yar Holan, a nuna maka wata mai zane kusan iri ɗaya, mai sauƙin kuɗi, da nata sunan daban. Wannan ta biyun "copycat product" ce: ta ari kama, ba ta saci suna ba. In kuwa aka buga mata sunan ta asalin da tambarinta don a yaudari mai saye, ta zama jabu, Turancinta "counterfeit" ko "fake". Irin wannan ne a magunguna hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, take farauta. Na ukun shi ne "imitation": sarƙar da amarya ta san ba zinariya ba ce, mai sayarwa ma bai ce zinariya ba ce, ita ce "imitation gold". Ba a cuci kowa ba.

Zaɓen kalma a cikin dangi

Idan kana da jimlar Hausa mai koyi ko kwaikwayo a ciki kana son juya ta, ka yi wa kanka tambaya uku. Yabo nake yi, ko raini, ko labari kawai nake bayarwa? Me aka kwafa, hali ne, murya ce, rubutu ne, ko sunan mutum? Sannan a ina zan faɗa, a hira ko a takarda? Amsoshin su za su miƙo maka kalmar.

In yabo ne, "emulate" ita ce koyi. Tana nufin ka ga na kirki ka yi ƙoƙarin kamo shi, har ma ka wuce shi. Abin da ɗalibina ya kamata ya ce ke nan: "Sir, I promise to emulate you." Ko ya ce "I will follow your example", ko "I will follow in your footsteps", wato zan bi sawunka. Abin koyi shi ne "role model". Amma ga tarkon da Hausa take ɗana mana: mu koyi "da" mutum muke yi, sai yara su ɗauko "da" ɗin su juya, su rubuta "emulate with him" ko "imitate from him". Babu wannan. Kai tsaye ne: "emulate him", "imitate him". Na ja jan biro a ƙarƙashin wannan kuskure har ban san adadi ba. Kuma idan maganar koyi da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ce ko da sahabbai ko wani malami, ka tsaya a kan "follow the example of" ko "emulate". Sauran kalmomin da ke tafe ba su da wuri a nan ko kaɗan.

In labari kawai kake bayarwa, ba yabo ba zagi, ɗauki "imitate". Ita ce 'yar ba-ruwana. "Children imitate their parents", yara suna yin abin da suka ga iyaye suna yi. Da "m" ɗaya ake rubuta ta, ba biyu ba. In kana shakka a ɗakin jarrabawa, ita ce ba za ta kunyata ka ba.

"Mimic" ta murya da motsi ce, yawanci don a yi dariya. Daga Girkanci ta fito, daga sunan ɗan wasan da yake kwaikwayon mutane a dandali. Kowane aji yana da gwaninta. Na taɓa samun wani yaro da in ya kwaikwayi mai tallan maganin gargajiya na ranar kasuwa, har da ƙarar lasifikar da ta fashe, sai ka riƙe ciki. Ni ma na san yana yi na in na fita. "He mimics the teachers." Abin lura a rubutu: in za ka kai ta ga abin da ya wuce, sai ka cusa "k", ka rubuta "mimicked", haka ma "mimicking". Dokar ɗaya ce da ta "panic" da take komawa "panicked". In ka bar "k" ɗin, mai gyaran takarda zai gani.

"Parrot" aku ce, kuma ana mayar da ita aikatau: ka maimaita magana ba tare da ka san abin da take nufi ba. Wannan ita ce cutar ajina. Ka tambayi yaro mene ne suna a nahawun Turanci, zai zubo maka kamar famfo: "A noun is the name of a person, animal, place or thing." Ka rubuta jimla a allo ka ce ya nuna maka guda ɗaya, sai ya hau kallon silin. "He is just parroting the textbook." A siyasa, waɗanda muke kira 'yan amshin Shata, ana iya cewa suna "parroting" maganar ubangidansu.

"Ape" kuwa, wato goggon biri, in ta zama aikatau tana nufin kwaikwayo na wauta, na wanda ya ɗauki abin da bai dace da shi ba. Za ka gan ta a rubuce-rubuce, kamar a ce matasa suna "aping" al'adun waje. Ka san ta don ka gane in ka karanta, amma shawarata ka bar ta a can. Turawa masu wariyar launin fata sun daɗe suna zagin baƙar fata da sunan biri, har yau ana yi wa 'yan ƙwallonmu a filayen Turai. Kalmar da take da irin wannan tabo, ba ka san inda za ta faɗa ba in ka jefa wa mutum. Haka ma karin maganarsu ta "Monkey see, monkey do".

Biyu sun rage masu kai mutum gaban hukuma. "Impersonate" sojan gona ne: ka ce kai ne wane alhali ba kai ba ne. Wanda ya shiga ɗakin jarrabawa ya rubuta wa wani, laifinsa "impersonation", kuma dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta ambace shi a cikin laifuffukan da ake hukuntawa. "Plagiarise" kuwa satar fasaha ce a rubutu, ka kwashi aikin wani ka sa sunanka. Tushenta a Latin sunan mai satar mutane ne, kamar dai ka sace wa marubuci ɗansa. 'Yan kwaleji masu rubuta kundin kammala karatu su riƙe wannan da kyau. Malamin da ya kama ka ba zai ce maka "copycat" yana murmushi ba.

Wata kuma da ake cakuɗawa da su alhali ba danginsu ba ce: "take after". Wannan gado ne, ba kwaikwayo ba. Yarinyar da ta ɗauko hancin uwarta ko zafin zuciyar kakanta ba gani ta yi ta kwafa ba, barewa ce ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. "She takes after her mother."

A ɗakin jarrabawa

Ga masu shirin WAEC da NECO. A insha'in nan mai kalma kusan 450, "copycat" tana iya shiga wasiƙar da ka rubuta wa aboki ko ƙani, ko cikin labari a bakin wani yaro. A wasiƙar hukuma, ko maƙala, ko jawabi a gaban manya, ka bar ta, sai fa in a matsayin sifa ce kamar "copycat crimes". A tambayoyin neman kalma mafi kusa da ma'ana, abokiyarta ita ce "imitator". In kishiya aka nema, ka duba "original", ko "originator", ko "innovator", wato wanda ya fara ƙirƙiro abu. Kalmomin da muke ji a bakin ɗalibai kuwa, irin su "giraffing" ga mai miƙa wuya kamar raƙumin dawa yana leƙen takardar wani, da "dubbing", da "follow-follow", Turancin Nijeriya ne. Suna da daɗi a hira, ni ma ina faɗa, amma kada su taɓa takardar amsa. A can "cheating" ko "copying" za ka rubuta.

In kuma kai aka kwaikwaya, kana son ka mayar da martani ba tare da faɗa ba, Turawa suna da abin da suke cewa: "Imitation is the sincerest form of flattery." Asalin maganar daga wani marubucin Ingila ne, Charles Caleb Colton, a 1820. Ma'anarta, wanda ya kwaikwaye ka ya yabe ka ne yabon da ba munafunci a ciki. Na gaya wa saurayin nan mai cajin waya wannan magana wata rana yana ƙorafi. Ya dube ni ya ce: "Allah ya gafarta Malam, yabon nan ya rage mini ciniki da rabi."

Shi kuwa shugaban ɗalibai, washegarin walima na kira shi ofis na yi masa bayani, na kuma ba shi haƙuri a kan takardar da ban duba ba. Ya daɗe bai ɗago kai ba. Amma magana ta riga ta fita, 'yar bautar ƙasar nan ta fassara wa 'yan aji, suna ya bi shi. Da yake bakinmu ba ya riƙe "p", a cikin mako guda ya koma Kofi-kat, daga baya aka yanke jelar ya zama Kofi kawai. Yanzu yana kwalejin horar da malamai, Turanci ma yake karanta, amma in ya zo hutu har 'yan acaɓa da sunan suke kiransa. Kwanakin baya na haɗu da mahaifiyarsa a hanyar asibitin sha-ka-tafi, muka gaisa, ta ɗan yi jim, sannan ta ce: "Malam, don Allah in tambaye ka. Wai wane kofi ne yaron nan ya fasa muku a makaranta? In biya ne a faɗa mana, mu biya a daina kiransa da shi."